Bargon Zanen Yara Don Tara Wa Makaranta Kuɗi: Tambayoyi Da Amsoshi

Tun da hoton bargon da 'yan aji huɗu na makarantarmu suka zana ya zaga wayoyin mutane, ba a yin mako ban samu kira ko saƙo ba, daga malamai, daga 'yan kwamitin makaranta, har da iyaye mata masu keken ɗinki a gida. Makarantarmu firamare ce ta ƙauye a ƙasar Kura, kuma sau uku ke nan muna yin aikin. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na tattara su wuri guda.

Malama, wai shin mene ne wannan bargon zanen yara?

Bargo ne mai hawa uku. Hawan sama ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, kowane yaro ya yi zanensa a kan guda, sannan a jera su a ɗinke da siraran yadi a tsakaninsu. Hawan tsakiya shi ke kawo ɗumi, na ƙasa kuma shafi ne, kamar yadda ake yi wa babbar riga. Idan an haɗa ukun sai a bi su da ɗinki ko ƙulli don kada su zame wa juna.

A Amurka makarantu sun daɗe suna yin irinsa don tara kuɗi. Matan Bangaladash suna jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinkin hannu, suna kiransa kantha, a Pakistan kuma akwai ralli. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Gwado da luru da kakanninmu suka lulluɓa da su saƙa ce sirara-sirara aka jera aka ɗinke, kuma har gobe akwai telan da ke tara ƙyallayen atamfa ya haɗa zanen gado ko rigar filo.

Ga barguna jibge a Kantin Kwari, wa zai sayi namu?

Idan ɗumi mutum yake nema, ya tafi Kwari ko ya sayi na gwanjo a Ƙofar Wambai, zai samu mai kauri da araha. Ba za mu iya gasa da kamfani ba, kada ma ku gwada. Abin da ke cikin namu, wanda babu shi a kowane shago, shi ne hannun 'ya'yan garin. A taronmu na farko na sayar da bargon na ga wani dattijo manomin shinkafa ya durƙusa gaban bargon, yana bin ƙyallayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan na jikarsa, inda ta zana injin ban-ruwa da tiyo da layukan shuka kore shar. Ya daɗe a wurin bai ce uffan ba. Da aka fara tayi shi ne na biyu da ya ɗaga hannu, alhali ban taɓa ganinsa a taron iyaye ba.

Saboda haka duk shawarar da za ku yanke a aikin nan, ku fara tambayar kanku ko uba zai gane hannun ɗansa idan an gama. A kan wannan na dage a amsar gyaran zane da ke ƙasa.

An ce ilimi kyauta ne, an hana karɓar kuɗi a makaranta. Ba za mu shiga matsala ba?

Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta wajabta ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta a duk Najeriya, kuma a 2019 gwamnatin Kano ta sake jaddada ilimi kyauta kuma dole. Abin da aka hana shi ne ɗora wa yaro haraji. Gudummawar ganin dama daga al'umma daban take, don irinta aka kafa SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Sharaɗin da ba ma wasa da shi shi ne kada a nemi ko sisin kwabo daga hannun ɗalibi, kuma kada a hana yaro ƙyallensa don gidansu bai kawo komai ba.

Ku fara da hedimasta, shi zai kai maganar gaban SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai, sannan a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma takarda. Daga nan ku je gaisuwa wurin dagaci da liman. Ku tafi da buƙata ɗaya tak wadda ido zai gani: bencina ashirin, ko kwanon ajin da iska ta yaye, ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Idan kuka ce "ci gaban makaranta" kawai, mutane za su yi muku fatan alheri su bar hannunsu a aljihu.

Yaushe ya fi dacewa a fara?

Zangon farko. Ku fara a Satumba ko farkon Oktoba, ku yi taron kafin hutun Disamba. Lokacin kaka ta yi, manomi na da ɗan abin hannu, sanyin hunturu kuma ya fara tuna wa kowa da bargo. Da damina rabin yara suna gona, ga laima tana hana fenti bushewa. Ku duba inda Sallah ta faɗo a shekarar, don ba telan da zai saurare ku ana saura makonni uku Sallah. Amma da an sauko idi da kwana kaɗan ku zaga shagunansu, za ku tarar da ƙyallaye buhu-buhu, da yawa ma kyauta za su ba ku. Mu makonni bakwai yake ɗaukar mu daga sayen yadi zuwa kalmasar ƙarshe.

Wane yadi za mu saya don zanen?

Auduga zalla, marar ado, marar santsi. Akoko ko alawayyo mai ɗan kauri sun isa. Yadin roba ba ya shan fenti, kuma yana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga. Idan kuna shakka, ku zare ɗan zare daga bakin yadin ku kyasta masa ashana: auduga tana ci da ƙauri irin na takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Ku wanke yadin da sabulu, ku shanya, ku goge, kafin almakashi ya taɓa shi. Sabon yadi na ɗauke da sitatin kamfani da ke hana fenti kamawa, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko. Wani abu kuma da wata uwa ta ankarar da ni: farin alawayyo fat yana tuna wa wasu likkafani, ba sa son ganin an miƙa wa yaro shi. Tun daga nan akoko muke saye, ko mu tsoma farin a ruwan goro ya ɗan sauya launi.

Yadi nawa za mu saya, kuma yaya awon yake?

Ga lissafin yara 42. Ku yanka kowane ƙyalle inci 9 tsawo, inci 9 faɗi. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, ya saura inci 8. Ku jera 6 a kwance, 7 a tsaye. Siraran yadin da ke raba su ku yanka inci 3, su koma inci 2 bayan ɗinki, su kuma zagaye bakin bargon. Da wannan bargon zai fito faɗin inci 62 da tsawon inci 72, daidai katifa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi, har ya ɗan zubo a gefe.

Yadi mai faɗin inci 45, bayan ya tsuke an cire bakinsa, yana ba da ƙyallaye kusan 16 a kowane yadi guda. Uku za su ba ku 44 zuwa 48, gwargwadon yadda ya tsuke, amma ku sayi huɗu, don dole a yi ɓarna, kuma kuna buƙatar na gwaji. Na rabawa ku sayi yadi biyu da rabi, launi ɗaya mai duhu. Na shafi kuma turmin atamfa guda, mai yadi 6, ya isa har da saura. Ban sa farashi ba da gangan, don kafin ku karanta ya sauya.

Ajinmu yara sun haura tamanin. Mu zaɓi waɗanda suka iya zane?

A'a, don Allah. Ku yi bargo biyu, ko ku rage awon zuwa inci 7 wanda zai koma 6. Idan yadi ya gaza, yara biyu su haɗa ƙyalle ɗaya, wannan ya zana, wancan ya cika da kala. Yaron da aka bari a baya ba ya mantawa, iyayensa kuma ba za su zo taron ba.

Me yaran za su zana? Wasu iyaye sun ce zanen mai rai bai halatta ba.

Malamai sun yi magana mai tsawo a kan zanen mai rai, kuma iyayen da suka ɗaga maganar suna da hujjarsu. Mu ba mu tsaya jayayya ba. Mun tambayi limaminmu, muka tsaya a kan abin da kowa ya yarda da shi, wato babu mutum, babu dabba, babu tsuntsu. Na yi zaton hakan zai takura yaran, sai ga shi sun cika ƙyallayen da rumbu, da bishiyar kuka, da giginya, da zangarniyar gero, da kurar ruwa, da babur, da hasumiyar masallaci, da jinjirin wata, da faifai mai kala. 'Yan mata suka kwaso zanen lalle, wani yaro ya kwafo dagin Arewa daga jikin bangon gidan dagaci.

Ku ba su jigo guda, kamar "garinmu" ko "gonarmu". Idan an ce kowa ya zana abin da ya ga dama, da yaro ɗaya ya zana mota, sai ku tashi da motoci talatin.

Za a iya rubuta aya ko addu'a a jiki? Sunayen yaran fa?

Aya, hadisi, ko sunan Allah, ko kusa. Bargo ana zama a kansa, ana taka shi, jariri na iya ɓata shi, ana wanke shi ruwan ya bi kwata. Wannan ya shafi sunayen yara ma, don aji ba ya rasa Abdullahi ko Abdurrahman ko Muhammadu. Dabararmu ita ce kowane yaro ya sa harafin farko na sunansa a kusurwa, ko wata 'yar alama tasa. Cikakkun sunaye muna rubuta su a takarda daban, da taswirar bargon gida-gida, mu miƙa wa wanda ya saya. Sunan makaranta, aji da shekara kuma a ɗinka su a ɗan ƙyalle a bayan shafi.

Da me za su yi zanen da ba zai zuba a wanki ba?

A nan muka fi shan wahala. Shekarar farko mun ba yara kalar ruwa irin ta ajin zane, ƙyallayen suka fito gwanin sha'awa. Allah Ya taimake mu wata malama ta ce a wanke guda a gani kafin a kai wa tela. Tana tsoma shi a bokiti ruwan ya koma ruwan ƙasa, ƙyallen ya fito kamar ba a taɓa zane a kansa ba. Dole muka sake sayen yadi, muka roƙi yara arba'in su sake aikin da suka zuba ransu a kai, wasu har da kuka. Don haka duk abin da za ku yi amfani da shi, ku shafa a ƙyallen gwaji, ku goge, ku wanke sau biyu, sannan ku miƙa wa yaro.

Wanda ya fi shi ne fentin yadi, irin na masu buga rubutu a jikin riga, ko fentin akirilik da ake samu a shagunan kayan zane da littattafai na Sabon Gari. A shafa shi sama-sama, don idan ya yi kauri yana tauri ya tsage. A bar shi yini da kwana ya bushe, sannan a kifa ƙyallen a goge bayansa da dutsen guga mai zafi minti uku zuwa biyar, ba yayyafa ruwa. Zafin ne ke zaunar da fentin. Idan dutsen gawayi ne, ku shimfiɗa wani yadi a kai saboda toka da tartsatsi. Kalar kaki ta yara ita ma tana yi a kan auduga: yaro ya danna ta sosai, sai a ɗora farar takarda a goge, ana sauya takardar har kakin ya daina fitowa. Kada a sa jarida, tawadarta na komawa jikin yadi. Tana ɗan kodewa da yawan wanki, amma ta fi araha kuma ta fi sauƙi ga 'yan aji ɗaya da biyu.

Baƙar maka ta rubutu, irin wadda ba ta gogewa, tana da kyau wurin fitar da layin zane, sai dai wata tana bazuwa, ita ma a gwada. Fentin mai na ƙofa da taga ku nisance shi, yana sandarar da yadi, sai da kananzir yake fita a hannu, warinsa kuma na sa yara ciwon kai. Abin da ya fi duka ƙarko shi ne zare da allura. A 'yan aji biyar da shida ba a rasa masu ɗinkin hula a gida, su sai a ba su zare mai kala su bi zanensu da ɗinki, ko su yanko fure daga ƙyallen atamfa su ɗinka a kai.

Mu da muke da marina a kusa, ba za mu yi rini ba?

Ku yi mana. Kura ta yi suna da rini tun kaka da kakanni, marinar Ƙofar Mata a birni kuma ana danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka da katsi ake haɗa ruwanta. Yara suna iya ɗaurin, su sa tsakuwa a yadi su naɗe da zare tamau, manya su kai marina, idan an kwance sai ga taurari farare a cikin shuɗi. Mu yadin rabawa muke rinawa haka, yana fito da zanen yara sosai. Amma baba yana zuba, sai an yi ta ɗauraye shi har ruwan ya fito garau kafin a haɗa shi da farin ƙyalle.

Rinin zamani na gari, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna da haidiro, kada ya shigo harabar makaranta. Yana ƙona fata, yana iya makantar da yaro idan ya fantsama a ido. Kurkum kuma yana ba da rawaya mai kyau, sai dai rana na cinye ta da wuri.

Yaya kuke tafiyar da ranar zanen ba tare da aji ya rikice ba?

Goma-goma muke ɗiban su, a kan tabarma a inuwa, sauran suna aji. Kwana ɗaya kafin nan kowa ya gwada zanensa a takarda. Kowane ƙyalle muna miƙar da shi a kan kwali da salatif, mu ja masa layin fensir inci ɗaya daga baki, mu ce wa yaro wannan katanga ce, ba a tsallakewa. Da farko ba mu ja layin ba, ɗinki ya cinye tayar kurar ruwan da wani yaro ya zana, ranar taro yana ta nuna wa babansa inda tayar take a da.

Fenti a zuba kaɗan-kaɗan a marfin kwalba. Idan buroshi bai isa ba, asuwaki da aka tauna bakinsa yana aiki. Ƙananan yara a yanka musu kuɓewa a tsakiya su dangwala su buga, tana fitar da fure, ko dankali da aka sassaƙa, ko ganyen darbejiya. Su zo da tsohuwar riga, don fentin yadi ba ya fita daga yunifom. A rubuta lamba da fensir a bayan kowane ƙyalle, a shigar a rajista. Wanda bai zo ba a ajiye masa nasa har mako ya zagayo.

Zanen wasu yaran bai yi kyau ba. Mu gyara musu, ko mu sa babba ya sake?

Kada hannun babba ya hau zanen yaro. Na san kwaɗayin, ni ma yana zo mini idan na ga rumbu ya karkace ko bishiya ta fi masallaci tsawo. Amma da zarar malami ya daidaita layi nan, ya ƙara kala can, ƙyallaye arba'in sai su koma hannun mutum ɗaya, bargon ya zama abin da na Kwari ya fi shi kyau. Akwai wata yarinya mai raunin hannu da ba ta iya riƙe buroshi, muka shafa mata fenti a yatsu ta yi ɗige-ɗige ja da rawaya ba tsari. Wata malama ta so a mayar da ƙyallen can ƙasa inda katifa za ta ɓoye shi, na ce a tsakiya zai zauna. Mahaifiyarta ce ta fara gane shi tun daga bakin ƙofa.

Taimakon da ya halatta shi ne riƙe wa yaro kwali, wanke masa buroshi, ko ba shi sabon ƙyalle idan fenti ya kife a kan na farko. Shi ya sa a amsar awo na ce a sayi yadi huɗu.

Wa zai ɗinka, kuma ta ina ake farawa?

Hawan sama a ba mutum ɗaya, tela ko mace mai keke, don idan hannu ya yi yawa rabin incin kowa daban yake, kusurwoyi ba za su haɗu ba. A manna salatif a jikin keken daidai rabin inci daga allura. Kafin a kai masa, ku baje ƙyallayen a tabarma, ku raba masu duhu da masu haske kada su taru gefe guda, ku ɗauki hoto, ku tattara layi-layi da lamba. Ya fara haɗa kowane layi na kwance da gajerun yadin rabawa, ya goge ɗinkin ya kwanta wajen yadi mai duhu, sannan ya haɗa layukan da dogayen. Ku yi maganar ladansa tun farko. Idan ya ce sadaka ce, a faɗi hakan a gaban taro a gode masa.

Me za a sa a tsakiya, kuma yaya ake haɗa hawa ukun?

Siririn bargo, sabo ko tsoho mai tsabta, wanda aka wanke, shi ya fi rufin asiri. Soso yana ruɓewa ya zama gari, audugar rimi tana dunƙulewa da ta sha ruwa. Gurzajjiyar auduga tana yi, amma sai an bi ta da ɗinki kusa-kusa, faɗin tafin hannu, wanda zai ratsa ta kan zanen yara.

Wannan sashen gayyar iyaye mata ne. Mu a tsakar gidan mai unguwa muke yi, inda matan kulle ma za su iya zuwa. A shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa, a ja shi ya miƙe, a ɗora bargo, a ɗora zanen fuskarsa sama, a kama da fil daga tsakiya zuwa baki. Sai a sa abawa ko zaren saƙa a babbar allura, a yi ƙulli biyu a kowace mahaɗar yadin rabawa, a kuma bi gefen kowane ƙyalle da ɗinkin hannu. A ƙarshe a rage shafin ya saura inci biyu a kowane gefe, a naɗo shi sama a yi kalmasa. Idan na ratayewa a bango kuke so, ku bar hawan tsakiya, ku ɗinka aljihu a baya da gora za ta shiga.

Mun ji a wasu ƙasashe tikiti ake sayarwa a yi ƙuri'a, wanda ya ci ya ɗauka. Mu yi haka?

Haka suke yi, amma mu ba ma yi. Mutum ɗari su biya, ɗaya ya tafi da kaya bisa sa'a, sauran su tashi a tutar babu, wannan siffar caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya. Kyawun niyya ba ya sauya hukuncin. Ko da wani ya kawo muku wata fassara, ku tuna suna ɗaya makaranta take da shi a gari. Amsa ta gaba tana da hanyoyin da suka wadatar da mu.

To yaya ake sayarwa a samu abin kirki?

Hanya uku muke haɗawa a taro guda. Ta farko ɗaukar nauyin ƙyalle: a kira lambar ƙyalle, yaron ya miƙe ya faɗi abin da ya zana, duk mai so ya ba da abin da ya sawwaƙa a kansa. Ƙyallen da ba a taya ba, kwamiti ya tanadi wanda zai rufa masa asiri, musamman na marayu. Ta biyu ƙaddamarwa, inda manyan baƙi ke ba da gudummawa ba tare da sun ɗauki komai ba. Ta uku gwanjon bargon kansa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Abin da ya ba mu mamaki shi ne hanya ta farko ta fi gwanjon tara kuɗi duk sau ukun.

Gwanjo halal ne a wurin mafi yawan malamai, amma an hana najashu, wato a dasa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, hanin yana cikin Buhari da Muslim. Kada son makaranta ya ja ku ga wannan. Ku tsayar da mafi ƙarancin farashi tun kafin taro, aƙalla ninki biyu na abin da aka kashe. Ku gayyaci dagaci, kansila, tsofaffin ɗalibai, da 'yan garin da ke neman kuɗi a birni ko Abuja ko Legas, su suna iya tayi ta waya. Ku guji ranar kasuwar yankinku, kuma kada hula ko tutar wata jam'iyya ta hau teburin. Alƙawarin da aka yi a bainar jama'a a rubuta shi da ranar cikawa, amma kada ku sa shi a lissafi sai ya shigo hannu.

Wa zai riƙe kuɗin?

Ba malamar da ta jagoranci aikin ba, ba hedimasta shi kaɗai ba. Mutum uku su ƙirga a gaban jama'a kafin a watse: ma'ajin SBMC, wakiliyar iyaye mata, da wakilin dagaci ko liman. A kai asusun kwamiti mai sa hannun mutum biyu, masu taransifa ma can za su tura. A rubuta a allon makaranta abin da aka kashe, abin da ya shigo, da abin da ya rage, a karanta bayan sallar Juma'a. Sannan a gaggauta yin aikin da aka ambata a amsar izini, kafin farashi ya gudu, a ajiye rasit. Ranar da kafinta ya kawo bencinmu, 'yan ajin da suka yi zanen muka sa suka fara zama a kai. A shekara ta biyu ba mu sha wahalar gayyata ba.

Za mu iya sa hoto a WhatsApp da Facebook?

Hoton bargon, ƙwarai, ta nan 'yan garin da ke nesa za su gani. Ku ɗauke shi da hantsi a inuwa, mutum biyu su riƙe shi a miƙe. Fuskokin yara kuwa sai da yardar iyayensu, kuma ba tare da cikakken suna ba. Hoton hannuwa suna zane ya wadatar.

Wanda ya saya yaya zai wanke shi ya ajiye?

Ku haɗa masa da 'yar takardar bayani tare da taswirar sunayen nan. Wankin hannu da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba bilic, ba jiƙawa ya kwana, ba cuɗa kan zanen, ba kai wa mai bugu. A matse shi a hankali, a shanya a inuwa shafi na sama, don ranar bazara tana cin kala. Guga ta baya kawai. Idan hunturu ya wuce a tabbatar ya bushe sarai, a naɗe shi a tsohon zanen auduga maimakon leda, a sa a akwati nesa da ƙasa saboda gara da ɓera, a riƙa fito da shi ya sha iska ko sau biyu ne a cikin damina.